Sule Biyar da Ta Ci Rayuka: Tarihin Rage Kuɗin Ilimi da Waɗanda Suka Ce Ba Su Yarda Ba

Wannan wani sabon kashi ne na shirin namu na tarihi, daga nan tsallaken kogi, Kaduna ta Kudu. Kamar kullum, ga shirin a rubuce saboda waɗanda data ba ta barinsu su saurara.

Yau maganar kuɗin makaranta za mu yi. Ba kuɗin da kai uba kake biya kaɗai ba, har da wanda gwamnati take warewa, da abin da ke faruwa duk ranar da ta janye hannu. Na san akwai mai sauraronmu a Kakuri ko Narayi ko Sabon Tasha da yanzu haka takardar kuɗin rajistar ɗansa tana cikin aljihunsa, bai san inda zai samo ba. To, ba a kanka aka fara ba, kuma akwai abin koyo daga waɗanda aka fara a kansu.

Bari mu koma 1976.

A watan Satumba na wannan shekara gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirin UPE, wato firamare kyauta ga kowane yaro a Najeriya. Lokacin kuɗin mai ne. An yi lissafin yara kusan miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya, sai wajen miliyan 3 suka bayyana. Ajujuwa ba su isa ba, malamai ba su isa ba. Aka shiga horar da malamai cikin gaggawa, kuma a wannan shekarar ce aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, wadda hedikwatarta ke nan Kaduna a kan hanyar Zariya. Jami'o'i ma haka. Shida ne a ƙasar, a 1975 aka ƙara bakwai, cikinsu har da na Sakkwato da Maiduguri da Jos da Bayero ta Kano.

Ku tuna yadda wannan ɓangare namu yake a lokacin. Masaƙar KTL tana aiki a Kakuri tun 1957, ga Arewa Textiles, ga UNTL, ga kamfanin haɗa motocin Peugeot da ya fara aiki a 1975, ga matatar mai ana shirin ginawa. Mutane sun taho daga Kafanchan, daga Binuwai, daga Filato, daga Katsina, daga kudancin ƙasar, kowa ya kama aikin kamfani. Yawancinsu karatunsu bai yi nisa ba, wasu ma ba su taɓa shiga aji ba. Burinsu ɗaya ne: ɗan da na haifa ba zai tsaya gaban inji kamar ni ba. Kuma gwamnati ta yi musu alkawarin hakan zai yiwu.

Ba a je ko'ina ba kuɗin mai ya ja baya. Gwamnati ta ce a tsuke bakin aljihu. A farkon 1978 Hukumar Kula da Jami'o'i, NUC, wadda Dakta Jibril Aminu yake shugabanta, ta fitar da sanarwa cewa koyarwa na nan kyauta, amma kuɗin ɗakin kwana zai koma naira 90 a shekarar karatu, kuɗin abinci kuma zai tashi daga naira 1.50 zuwa naira 2 a rana. Da lissafin iyayenmu, daga sule goma sha biyar zuwa fam guda kenan. Ƙarin sule biyar.

Yaron yau zai yi dariya, ya ce a kan kwabo 50 aka yi rigima? To ka lissafa. Shekarar karatu mako 36 ce, wato kwana 252. Kwabo 50 sau 252 naira 126 kenan, a lokacin da naira ta fi dalar Amurka daraja. Ga leburan masaƙa ko manomin gyaɗa, wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne. Kuma ɗaliban sun gane wani abu: ba sule biyar ɗin ba ce matsalar, ƙofar da aka buɗe ce. In gwamnati ta saba cike giɓin kasafinta daga aljihun iyaye, ba ranar dainawa.

Ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, NUNS, ƙarƙashin Segun Okeowo, ta nemi a janye. Aka zauna, ba a daidaita ba. Ranar 17 ga Afrilu 1978 ɗalibai suka ƙaurace wa ajujuwa. Washegari, 18 ga wata, 'yan sanda suka harbe wani ɗalibi mai suna Akintunde Ojo a Jami'ar Legas. Labari na isowa Zariya ɗaliban ABU suka fito. Aka turo sojoji Samaru, suka buɗe wuta, ɗalibai da dama suka mutu. Sunan da aka sa wa wannan tarzoma shi ne Ali Must Go, ma'ana dole Ali ya sauka. Alin kuwa shi ne Kanar Ahmadu Ali, kwamishinan ilimi na tarayya.

Me ya biyo baya? An rufe jami'o'i. An haramta NUNS. An kori Okeowo daga jami'a. An kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Mai Shari'a Usman Mohammed, daga bisani aka sauke shugabannin jami'o'i biyu, Farfesa Iya Abubakar na ABU da Farfesa Ade Ajayi na Legas, aka kuma sallami wasu malamai da ake zargi da zuga ɗalibai. Sule biyar ɗin fa? Ba a janye ta ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Abin da ɗaliban suka ji tsoro shi ya faru. A 1982 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kawo nata tsuke bakin aljihun, bayan farashin mai ya sake faɗuwa. Nauyin firamare ya koma kan jihohi da ƙananan hukumomi, su kuma ba su da shi. Malaman firamare a jihohi da yawa suka riƙa yin watanni ba albashi. A 1984, zamanin Janar Muhammadu Buhari, aka cire tallafin abincin jami'o'i gaba ɗaya. Wato abincin da aka zubar da jini a kan ƙarin sule biyar ɗinsa, shekara shida bayan nan babu shi kwata-kwata.

Sai 1986. Ɗaliban ABU suka yi jerin gwano don tunawa da 'yan'uwansu da aka kashe a 1978. Hukumar jami'a, ƙarƙashin Farfesa Ango Abdullahi, ta hukunta shugabanninsu, cikin laifin da aka ɗora musu har da shiga da jerin gwanon ɗakin kwanan mata na Amina. Rigima ta yi zafi. Ranar 23 ga Mayu 1986 'yan sandan kwantar da tarzoma suka shiga Samaru suka yi harbi. Gwamnati ta ce mutum huɗu suka mutu, ɗalibai suka ce sun fi haka. Ƙungiyar ƙwadago ta NLC ta shirya fitowa don nuna goyon baya ranar 4 ga Yuni, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana, ta tsare shugabanninta, cikinsu har da Ali Chiroma. Ta kuma raba ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, da NLC da ƙarfin doka. Ku lura da kyau: abin da gwamnati ta fi tsoro shi ne ɗalibi da malami da ma'aikaci su haɗa baki. Ministan ilimi a lokacin kuwa shi ne Farfesa Jibril Aminu, wanda ya sanar da ƙarin 1978.

A tsakiyar wannan shekarar aka shigo da SAP, shirin gyaran tattalin arziki irin wanda IMF da Bankin Duniya suke so. A watan Satumba aka saki naira, nan take dala ɗaya ta koma sama da naira huɗu. Zuwa 1992 ta doshi naira 20. A nan ne aka ga wani sabon salon rage kuɗin ilimi, wanda ba sai an sanar ba. A takarda adadin yana nan, wani lokaci ma ya ƙaru. Amma littattafai daga waje ake sayo su, kayan ɗakin gwaje-gwaje daga waje, takardar bugu daga waje. Kuɗin da jiya zai sayi littafi goma yau biyu zai saya. Albashin farfesa ya zama abin tausayi, manyan malamai da likitoci suka yi ta ficewa zuwa Saudiyya da Amurka da Ingila da kudancin Afirka.

Ni da nake muku wannan bayani, a Kakuri na tashi, kuma a waɗannan shekarun na yi firamare. Babana ma'aikacin ɗaya daga cikin masaƙun nan ne. Abin da nake tunawa shi ne ranar da aka ce kowane yaro ya zo da abin zamansa daga gida. Baba ya kai wa kafinta katakon wani tsohon akwati, aka yi min ɗan benci, kullum in ɗora a ka in tafi, in ɗoro in dawo, don in ka bari a aji ba za ka tarar ba. Malaminmu na aji huɗu mutumin kirki ne, ya iya lissafi ƙwarai, amma ƙarfe goma sha ɗaya na yi sai ya ba mu aiki a allo ya fita, saboda yana da teburin sayar da kaya a kasuwa. Da muna jin haushinsa. Sai da na girma na gane mutumin watanni yake yi ba a biya shi ba, kuma yana da iyali. Babu wanda ya taɓa zuwa ajinmu ya ce yara, an rage kasafin ilimi. Mu dai mun ga rufi yana yoyo ba a gyara ba, mun ga alli ya ƙare an ce a kawo kwabo-kwabo.

Hausawa suka ce abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Maƙwabtanmu na Nijar su ma an kawo musu irin wannan magani. Gwamnatin Janar Ali Saibou ta karɓi wani shiri na Bankin Duniya da zai taɓa tallafin ɗalibai da ɗaukar waɗanda suka gama karatu aiki. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 ɗaliban Jami'ar Yamai, ƙarƙashin ƙungiyarsu ta USN, suka taso daga tsallaken kogin Kwara za su shiga gari. A kan gadar Kennedy jami'an tsaro suka buɗe wuta, ɗalibai uku suka mutu. Wannan kisa na cikin abubuwan da suka kai Nijar ga babban taron ƙasa na 1991 da mulkin jam'iyyu da yawa. Har yau ɗaliban Nijar suna tunawa da ranar. A Najeriya ma an yi tarzomar ƙin SAP a watan Mayu da Yuni na 1989, a 1990 kuma jami'o'i suka tashi kan bashin dala miliyan 120 da gwamnati ta nema daga Bankin Duniya, wanda ya zo da sharuɗɗan rage ma'aikata da kwasa-kwasai.

To yanzu ga tambaya. A duk wannan gwagwarmaya, akwai inda aka yi nasara? Akwai, kuma ba a kan titi aka same ta ba.

A 1992 ASUU, ƙarƙashin Dakta Attahiru Jega na Jami'ar Bayero, ta tafi yajin aiki. Gwamnati ta haramta ƙungiyar, kamar yadda ta yi a 1988. Malaman ba su koma ba. Da aka zauna kan tebur, gwamnati ta faɗi abin da kowace gwamnati take faɗa: babu kuɗi. Abin da ya bambanta wannan zama da na baya shi ne malaman sun zo da amsa a hannu. Suka ce kamfanonin da suke cin moriyar waɗanda makarantu suka yaye su ba da wani kaso na ribarsu, a ajiye shi a asusu na daban wanda ba ya cikin kasafin shekara. Aka sa hannu kan yarjejeniya a watan Satumba 1992. A 1993 aka yi Doka ta 7, wadda ta ɗora harajin ilimi na kashi 2 cikin ɗari kan ribar kamfanoni. Asusun ETF kenan, wanda a 2011 aka mayar TETFund, aka keɓe shi ga manyan makarantu. Harajin ya koma kashi 2.5, daga baya ya kai kashi 3 a 2023.

Ka shiga kowace jami'a ko kwalejin kimiyya ko kwalejin ilimi ta gwamnati a yau, ka duba sababbin gine-gine, ka karanta abin da aka rubuta a jikin bango. Akasari sunan TETFund za ka gani. Malamai da yawa da suka yi digiri na biyu da na uku a waje, da kuɗin asusun suka yi. Ba na ce babu ɓarna a ciki ba, kuma ba na ce yajin aiki ba shi da illa ba. Wanda ya zauna gida wata takwas, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba 2022, ya san illarsa. Amma ku kwatanta. A 1978 an ce ba mu yarda ba, aka rasa rayuka, ƙarin ya zauna. A 1992 an ce ba mu yarda ba, ga kuma inda kuɗin zai fito, a rubuta shi a doka. Sama da shekara talatin kenan ana cin gajiyarsa. Ko a 2024, da ƙudirin gyaran haraji ya zo da shawarar a janye wa TETFund kasonsa sannu a hankali, ASUU da wasu sun yi ca, kuma dokar da aka sa wa hannu a 2025 ta bar wa asusun kasonsa.

Sai dai akwai wanda aka bari a baya, shi ne yaron firamare. Ɗalibin jami'a yana da ƙungiya, malaminsa yana da ƙungiya mai ƙarfi, 'yan jarida suna sauraronsu. Yaron aji uku a Kudenda ko Unguwar Romi ba shi da kowa sai iyayensa. A 1988 an kafa hukumar kula da firamare ta ƙasa don a tabbatar albashin malamai yana fita, a 1991 aka rushe ta, a 1993 aka dawo da ita. Sai a 1999 Obasanjo, wannan karon a farar hula, ya ƙaddamar da UBE a Sakkwato, dokar 2004 kuma ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya domin ilimin matakin farko. Amma da sharaɗi: sai jiha ta ajiye nata daidai da abin da za a ba ta kafin ta ɗauka. Shi ya sa za ka ji kuɗi na kwance a Abuja, yara kuma na zaune a ƙasa.

A daidai wannan lokacin ne masaƙunmu suka mutu. KTL ta rufe a 2002, UNTL a 2007. Dubban iyaye suka rasa albashi. Makarantar gwamnati ta lalace, ta kuɗi kuma babu abin biya. Da yawa cikin 'yan acaɓan da muka riƙa gani a Kakuri da Makera da Nasarawa 'ya'yan mutanen da suka ce ɗana ba zai tsaya gaban inji ba ne. Injin ma bai samu ba.

A 2017 gwamnatin Malam Nasiru El-Rufai ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawa, ta ce 21,780 ba su kai makin da aka sa ba, ta sallame su. Ƙungiyar malamai ta NUT ta tafi yajin aiki a Janairun 2018. Mutane sun rabu biyu kan wannan, har yau ba a gama musu ba. Ni dai tambayata ita ce: su waɗannan malaman, a wace makaranta suka yi karatu? A ganina da yawansu irin ajin da na zauna suka zauna. Kuɗin da aka ƙi kashewa a 1985 bai ɓace ba, bashi ya zama, aka zo aka biya bayan shekara talatin.

A 2021 aka sake komawa gidan jiya. Kuɗin Jami'ar Jihar Kaduna, KASU, ya tashi daga abin da bai kai naira dubu 40 ba zuwa naira dubu 150, wasu fannonin ma sun fi haka. Gwamnati ta ce kuɗin da ake biya ba ya riƙe makarantar. Ɗalibai suka fito, kuma a ƙarshen watan Yuni aka kashe ɗalibi ɗaya a zanga-zangar Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya. A watan Agustan 2023 Gwamna Uba Sani ya rage kuɗin: KASU daga dubu 150 zuwa dubu 105, Nuhu Bamalli daga dubu 100 zuwa dubu 50, Gidan Waya daga dubu 75 zuwa 37,500. An samu sauƙi, amma bai koma inda yake ba. Kuma wannan ƙari bai tambayi kowa ko daga wane ɓangaren gada yake ba. Ɗan Rigasa da ɗan Television takarda ɗaya aka miƙa musu.

Kafin mu rufe, bari in gyara wani abu da muke yawan faɗa. Za ka ji ana cewa UNESCO ta ce a ware kashi 26 cikin ɗari na kasafi ga ilimi. Ma'aunin da ƙasashe suka amince da shi a taron Incheon na Koriya ta Kudu a 2015 shi ne kashi 15 zuwa 20 na kuɗin da gwamnati ke kashewa. Ba sai mun ƙara gishiri ba, domin shekaru da dama kenan kason ilimi a kasafin tarayya bai kai kashi 10 ba. In za ka yi jayayya da mai mulki, ka je da lissafin da ba zai iya ƙaryatawa ba.

Me wannan tarihi yake koya mana? Abu uku na gani. Na ɗaya, gwamnati ba ta cika cewa na rage ba. Ko ta ƙara wa iyaye kuɗi, ko ta bar hauhawar farashi ta cinye kason, ko ta rubuta a kasafi ta ƙi sakin kuɗin. Saboda haka in an karanta kasafi aka ce ilimi ya samu kaso mafi tsoka, kar ka tafa tukuna, ka jira ƙarshen shekara ka tambayi nawa aka saki. Na biyu, ƙarancin kuɗi wani lokaci gaskiya ne, farashin mai ya faɗi a 1978 da 1982 da 1986 ba ƙarya. Amma wa za a fara yanka wa, wannan zaɓi ne, kuma wanda ba shi da murya ake fara yanka wa. Na uku, fushi kaɗai bai taɓa dawo da sule biyar ba. Abin da ya daɗe shi ne wanda aka zo da shi a rubuce, aka sa shi a doka, aka kuma tsaya ana gadinsa.

Don haka iyaye, makarantar gwamnati da ke unguwarku tana da kwamitin gudanarwa na al'umma, wanda ake kira SBMC. Ku shiga. Ku tambayi ɗan majalisarku na jiha ko jiharmu ta ajiye nata kason na UBE a bana. In an kira taron jin ra'ayi kan kasafi, ku je, ba a fafe gora ranar tafiya. Waɗancan yaran na Samaru sun biya da rayukansu. Mu abin da ake nema a wurinmu bai wuce mu karanta takarda mu yi tambaya ba.

Idan akwai wanda yake ABU a 1978 ko 1986, ko wanda ya koyar a firamare zamanin da ake watanni ba albashi, muna son jin labarinsa daga bakinsa. A kashi na gaba za mu shiga tarihin masaƙun Kakuri, daga ranar da jiniya ta fara kuka zuwa ranar da ta yi shiru. Mu kwana nan, sai mun sake haɗuwa. A huta lafiya.